Makin "kyau" da alkafurar Surya Bonaly

A Dutsen Abba ba mu san ƙanƙara ba sai ta sanyaya zoɓo, amma mun san alƙalin da ke awo da mudun zuciyarsa. Shi ya sa labarin Surya Bonaly, baƙar fata 'yar Faransa mai wasan zamiya a kan ƙanƙara, ya shafe mu.

Sau biyar a jere ta zama gwanar Turai, daga 1991 zuwa 1995, amma a gasar duniya sau uku tana zuwa ta biyu. Ba a musun ƙarfin tsallenta. A makin "kyau" ake rage ta, wanda ba shi da ma'auni sai idon alƙali. A Chiba ta Japan, a 1994, alƙalai biyar cikin tara suka fifita Yuka Sato. Bonaly ta cire lambar azurfa daga wuyanta a bainar jama'a, aka ce ba ta da ladabi.

A Olamfik ɗin Nagano na 1998 ta yi alkafura da baya, ta dira kan ƙafa ɗaya, alhali an haramta alkafurar. Aka zaftare mata maki, ta zo ta goma. A 2024 hukumar wasan ta halatta abin da ta hukunta ta a kansa.

Masu kare alƙalan sun ce Sato ta fi ta laushin motsi. Mai yiwuwa ne. Sai dai ma'aunin da ba a rubuta ba, na mai rinjaye ne. Duk wanda ya zauna a kwamitin ƙarin girma ya ji an ce "ta ƙware, amma ba ta dace ba" ya san haka. A rubuta ma'auni kafin a fara awo.