Mai Kwana a Agege Ya Yi Zaɓe a Agege

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, sai a tarad da tashoshin motar Agege sun cika maƙil da 'yan Arewa masu haramar gida. Waɗansu za su jefa ƙuri'a ne a garuruwansu, waɗansu tsoro ne ya kore su, waɗanda suka rage kuwa da yawansu ko katin zaɓe ba su da shi. In aka nemi dalili, amsar guda ce, wai baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Wannan magana ta daɗe tana cutar jama'a, lokaci kuwa ya yi da za a binne ta.

Da farko dai, wane ne baƙo a Agege? Hausawa sun kafa zango a nan tun zamanin da fatake ke lodin goro a jirgin ƙasa zuwa Kano. Akwai dattawan da a nan aka yanke musu cibiya, a nan kuma suka aurad da jikokinsu. Guminsu na cikin kasuwar shanu da mahautar Oko-Oba, kuma kullum sai an yanka musu tikitin haraji. Raɓar da ta shekara ɗari rana ba ta busar da ita ba, ai ta wuce a kira ta raɓa. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama, hukumar zaɓe kuma ta yarda mutum ya mai da rajistarsa unguwar da yake zaune.

Masu cewa ƙuri'ar zango ba ta taka kara ta karya ba, su dubi lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutane fiye da miliyan 7 ne ke da rajista a Jihar Ikko, amma waɗanda suka fito ko kashi 20 cikin ɗari ba su cika ba. Tazarar da Peter Obi ya ba Bola Tinubu a jihar duka ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. Inda masu fitowa suka yi ƙaranci haka, kowace ƙuri'a nauyinta ya ninku. Balle fa kujerar kansila, wadda 'yan layuka kaɗan ke iya yanke hukuncinta.

Abin takaici shi ne inda hankali ya karkata. A majalisar mai shayi za a raba dare ana musu kan Kwankwasiyya da Gandujiyya, alhali kuwa ba kowa ne zai iya faɗin sunan kansilan mazaɓarsa ba. Ba laifi ba ne mutum ya so gida. Amma Gwamnan Kano ba shi zai yashe magudanar ruwan Agege ba, ba shi ke raba rumfunan kasuwa ba, ba kuma shi za a kai wa kuka in 'yan kwamiti sun kwashe kaya ba. Lokacin da aka rufe kasuwar Mile 12 a 2016, da lokacin da aka hana acaɓa a Ikeja da waɗansu ƙananan hukumomi biyar a 2022, a Alausa aka yanke shawara, kuma waɗanda ƙuri'ar Ikko ta ɗora su ne suka yanke. Wanda ba ya cikin littafin masu zaɓe, da wane baki zai nemi a saurare shi?

Akwai kuma dillalan ƙuri'a, masu sa babbar riga su je gaban ɗan takara su ce jama'ar zango duk tana aljihunsu. Su karɓi rabonsu, su watsa wa talaka shinkafa da atamfa, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗannan mutane da rashin fitowar jama'a suke cin abinci, ran da kowa ya riƙe katinsa kuwa kasuwarsu ta watse.

Batun tsoro gaskiya ne, don an ga yadda 'yan daba suka razana masu zaɓe a waɗansu unguwannin Ikko a watan Maris na 2023. Sai dai ɗan daba ba ya neman komai illa rumfa ta zama wayam, wanda ya gudu kuwa ya biya masa bukata kyauta. Maganin shi ne fitowa tare, da sassafe, cikin lumana, da wakilai a kowace rumfa har a gama ƙidaya.

Saboda haka wajibi ne sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su tashi tsaye tun kafin guguwar kamfe. Mai rajista a gida ya mai da ita Agege, wanda ya cika shekara 18 ya yanka sabuwa, mata kuma kada a bar su a baya. Daga nan a shiga ofishin jam'iyya na mazaɓa, inda ake tsai da 'yan takara, a zauna a matsayin 'yan gari masu haƙƙi.