Mayakovsky ba maroƙin fada ba ne

Masu kiran marubucin waƙoƙin Rasha Vladimir Mayakovsky maroƙin gwamnatin Sobiyet suna da hujja. Daga 1919 zuwa 1921 ya zana wa kamfanin dillancin labarai na ROSTA ɗaruruwan fastoci, ana liƙawa a tagogin shagunan Mosko da suka zama wayam, zane a sama, gajeren baiti a ƙasa. Sai dai wasan kwaikwayonsa na ƙarshe, na 1930, manyan ma'aikatan gwamnatin ya yi wa tsiya, jaridu suka yi masa caa. Za a ce ai maroƙi ma yana zambo; to amma kan magabcin ubangidansa yake sauke shi. A Afrilun 1930 ya harbe kansa, yana da shekara 36. Rawanin gwanin mawaƙan Sobiyet da ake goranta masa kuwa, sai 1935 shugaban Sobiyet Stalin ya naɗa masa, yana kabari.