Tarkon-ƙuda, tsiron da gata yake kashewa

Duk wanda yake riƙe da wayar hannu a Damagaram, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan mai motsi ba, na wani ɗan tsiro kore mai jan baki da haƙora kamar gashin ido, wanda da ƙuda ya sauka a kansa sai ya rufe ruf. Hoton yana yawo a WhatsApp da Facebook, kuma sau da yawa akan haɗa shi da tallar masu sayar da iri, suna cewa a shuka shi a tsakar gida a huta da ƙuda da sauro. A gari irin namu, inda ƙuda yake hana cin tuwo cikin natsuwa da damina, sauro kuma yake kwantar da yara da masassara, irin wannan talla ba ta rasa mai saurare. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba wannan tsiro da idon basira, tun kafin wani ya kwance bakin aljihunsa.

Da farko dai, tsiron akwai shi, ba haɗin na'ura ba ne. Masana suna kiransa Dionaea muscipula, Faransawa suna ce masa dionée, mu kuwa tunda Hausa ba ta raɗa masa suna ba, bari mu kira shi tarkon-ƙuda. A duk faɗin duniya wuri ɗaya tak ne asalinsa, wato wani yanki na bakin teku a jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a ƙasar Amurka, a kewayen garin Wilmington. Daga garin zuwa iyakar inda tsiron yake fitowa bai wuce kilomita 160 ba, kamar dai nisan Zinder zuwa Gure. A shekarar 1759 gwamnan Karolina ta Arewa na lokacin, Arthur Dobbs, ya aika da labarinsa Ingila cikin wata wasiƙa. A 1768 John Ellis ya ba shi sunan da masana suke amfani da shi har yau, sa'annan a 1875 Charles Darwin ya wallafa littafi guda sukutum a kan tsirrai masu cin ƙwari, inda ya yi dogon bayani a kansa.

To, me ya sa tsiro zai koma farauta? Amsar tana cikin ƙasar da yake tsirowa a kanta. Fadama ce mai rairayi da tsami, wadda ruwan sama fiye da milimita 1,300 yake wanke ta kowace shekara, har ya zamana babu sauran abinci a cikinta. Abin da ta fi rasawa shi ne sinadarin azot, wato abin nan da manomi yake nema idan ya sayi takin zamani na ure. Tarkon-ƙuda yana sarrafa hasken rana da ganyensa kamar kowane tsiro, amma azot ɗin da saiwarsa ta kasa samu a ƙasa, a jikin ƙwari yake samo shi. Ke nan talaucin ƙasa ne ya koya masa wannan sana'a. Wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe mabuɗin duk abin da za mu faɗa nan gaba.

Tsiron bai kai faɗin tafin hannun babban mutum ba, ganyensa kuma daga 4 zuwa 7 ne. A ƙarshen kowane ganye akwai tarko mai murfi biyu, tsawonsa kamar santimita 2 ko 3, kuma a cikin kowane murfi akwai ƴan siraran gashi, galibi uku. Bakin tarkon yana fid da wani ruwa mai zaƙi da yake jawo ƙwari, kuma dama ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Idan ƙwaro ya taɓa gashin sau ɗaya, ba abin da yake faruwa. Idan ya sake taɓawa cikin kamar sakan 20, tarkon ya rufe ke nan, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan jira na taɓawa ta biyu shi yake hana tsiron ɓata ƙarfinsa a kan ɗigon ruwa ko tsinke. Tun a 1873 wani masani ɗan Ingila, John Burdon-Sanderson, ya gano cewa wani ɗan motsin lantarki ne yake kai saƙo daga gashin zuwa murfin. A 2016 kuma Rainer Hedrich da abokan aikinsa na jami'ar Wurzburg a Jamus suka nuna cewa tsiron yana ƙidaya, domin sai ƙwaron da aka kama ya yi ta mutsu-mutsu har ya taɓa gashin kamar sau biyar, kana ruwan narkar da abinci ya soma zuba sosai. Narkarwar tana ɗaukar kwana 5 zuwa 12, sa'annan tarkon ya buɗe, iska ta kwashe ɓawon.

A nan ne tallar masu iri take rushewa. Tarkon da yake kwana goma yana narkar da ƙwaro guda, ina shi ina ƙudan mahauta ko na bakin kwata? Bayan ya ci sau uku ko huɗu ma baƙi yake yi ya mutu, sai sabon ganye ya maye gurbinsa. Ƙari a kan haka, masanan da suka bincika abin da yake kamawa a dajinsa sun tarar da cewa tururuwa da gizo-gizo ne suka fi yawa, sai buzuzu da ƙananan fara, masu tashi kuwa kaɗan ne ƙwarai. Shi kuwa sauro, zaƙin tarkon ba shi ne abin da yake kawo shi ɗaki ba, kuma ƙanƙantarsa takan ba shi damar sulalewa ta tsakanin haƙoran. Saboda haka duk magidancin da ya naɗe gidan sauro domin ya sayi wannan tsiro, da lafiyar ƴaƴansa yake caca. Maganin ƙuda sharar tsakar gida da rufe abinci da rufe bakin salga, maganin sauro kuma gidan sauro da kawar da kwantaccen ruwa.

Amma akwai masu sonsa don sha'awa kawai, kamar yadda wani yake kiwon tantabara ko ɗawisu, kuma wannan ba laifi ba ne. Sai dai su sani cewa kusan duk abin da muka gada na aikin garka, a wajen wannan tsiro guba ne. Mai garka a Mirya ko Gidimuni, idan yana son shuka, taki yake zuba mata, ya barbaɗa toka, ya shayar da ita daga rijiya. Wanda ya yi wa tarkon-ƙuda wannan gata ya kashe shi cikin ƴan satuttuka, domin saiwarsa ba ta saba da gishiri ba, ƙonewa take yi.

Mu fara da ruwa, tunda shi ne damuwar Damagaram tun kaka da kakanni. Garin yana zaune bisa duwatsu, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Ruwan da muke sha, na famfo ko na rijiya ko na ƴan garuwa, yana ɗauke da gishirin ƙasa. Ga ɗan Adam wannan ba komai, amma masu kiwon tsiron suna so gishirin kada ya wuce miligiram 50 a lita guda. Ruwan da ya ratsa ƙasa mai kanwa kuwa, wannan kada ma a gwada. Tafasawa ba ta gyara shi, sai ma ta ƙara masa gishiri, tunda ruwan ne yake tashi ya bar gishirin a tukunya. Abin da ya rage shi ne ruwan sama ko tataccen ruwa. Ruwan sama a nan bai fi milimita 400 a shekara ba idan aka daidaita shekaru, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Dole ke nan a tara shi a jarkokin roba masu murfi, wanda zai kai wata takwas. A tare shi daga rufin kwano bayan ruwan farko ya wanke ƙura, ban da na indararon soro, domin wannan yana tahowa da laka. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batirin mota ma yana yi, amma a yi hattara, domin akwai wani ruwan batir mai asid, wanda ba tsiro kaɗai ba, har hannu yana ƙonawa. Tukunyar a ɗora ta cikin faranti mai ruwa kamar santimita 1 ko 2, ƙasar ta zauna da danshi kullum.

Sai ƙasar shuka. Ƙasar gona da ta bola da takin dabbobi duk an hana. Abin da ake amfani da shi shi ne ruɓaɓɓen gansakukan fadamun ƙasashen sanyi, wanda ake sayarwa da sunan tourbe, irin wanda ba a haɗa shi da taki ba. A cakuɗa shi rabi da rabi da farin rairayi da aka wanke sau da yawa da ruwan sama. Tukunyar ta zama ta roba mai huji a gindi, domin tukunyar yumɓu tana tara gishiri tana mayar wa ƙasar.

Rana kuwa muna da ita har ta yi yawa. Tsiron yana son hasken rana kai tsaye na awa huɗu zuwa shida, kuma a cikin ɗaki mai duhu ramewa yake yi. Sai dai a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ƴar tukunyar roba tana iya dafa saiwar. A ba shi hantsi, a kai shi inuwa kafin azahar. A nan dabarar randa tana da amfani. Mohammed Bah Abba, malamin nan na jihar Jigawa a Najeriya, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, don sanyaya kayan miya. Mai tarkon-ƙuda yana iya aro wannan dabara, ya sa tukunyar roba da farantinta cikin ta yumɓu, muddin ruwan jiƙa rairayin bai shiga wajen saiwar ba.

Babban cikas shi ne sanyi. A gidansu tsiron yana barcin kusan wata uku kowace shekara, lokacin da sanyi yake sauka ƙasa da digiri 10. Idan bai samu wannan hutu ba yakan raunana shekara bayan shekara har ya mutu. Ɗarin da muke kuka da shi a Disamba da Janairu, har mu kwana da garwashi a ɗaki, bai kai yadda yake so ba, domin da rana zafi yana komawa kusan digiri 30. Masu kiwonsa a ƙasashen zafi sukan cire shi su naɗe saiwar da danshi, su sa a leda, su ajiye a ƙasan firigo, nesa da wajen ƙanƙara. Sai mutum ya tambayi kansa ko wutar unguwarsu za ta riƙe firigo wata uku, da kuma ko uwargida za ta yarda da baƙo a wajen ajiye miya.

Game da ciyarwa, idan yana waje shi zai nemi abincinsa. Kada a ba shi nama ko kilishi ko tuwo, domin ruɓar da tarkon suke yi. A kuma hana yara tsokanarsa da tsinke, saboda tarkon da ya rufe a banza kamar sau goma ya gama aiki.

Wanda zai sayi iri ta intanet ya san kamanninsa. Baƙi ne wul, mai sheƙi, ƙanƙane kamar ƙwayar riɗi ko ƙasa da haka, kuma daga shuka zuwa girma shekara 3 zuwa 5 ne. Hotunan shuɗin tarko da ake nunawa rini ne na na'ura, babu irinsa. A kuma sani cewa sata da gine-gine da hana gobarar dajin da take share masa fili sun rage shi ƙwarai a mahaifarsa, har jihar Karolina ta Arewa ta mayar da tono shi daga daji babban laifi tun Disamban 2014. Na halal shi ne wanda aka raina a gidajen renon shuke-shuke.

Idan aka haɗa wannan lissafi, za a ga cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ga mafi yawanmu, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai wanda sha'awar tsiro mai farauta ta kama, ba sai ya kai Amurka ba. A tabkunan damina na ƙasashen Sahel, har da Nijar, akwai wata ciyawar ruwa da masana suke kira Utricularia. Ba ta da saiwa, shawagi take yi a ƙarƙashin ruwa, tana ɗago ƴan furanni masu ruwan ɗorawa a sama. A jikin siraran ganyenta akwai ɗaruruwan ƴan jakunkuna da ba su kai ƙwayar gero ba, kowace da ƙofarta. Da ƙaramin ƙwaron ruwa ya taɓa bakin ƙofar sai jakar ta zuƙe shi, da saurin da ya ninka na tarkon-ƙuda nesa ba kusa ba. Ba ta neman firigo, ba ta neman tourbe, kuma zafinmu bai dame ta ba. Mushe mai koyar da ilimin halittu yana iya ɗebo ta da bokiti a watan Agusta ko Satumba, ba tare da yara sun shiga tabkin ba saboda tsargiya, ya zuba a kwalba tare da ruwanta, ya ba ƴan lekol madubin ƙara girma su kalli tarkon da idonsu.