Ba Kowace Jijjiga Ce Aikin Kishiya Ba

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma da mu marubuta nake.

Na gaji da littafin da yaro zai yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, bakinsa na kumfa, nan take marubuci ya ɗora wa kishiya ko aljanin tsamiya. Ni ma na taɓa rubuta irinsa, har abin ya shigo gidanmu.

Ɗan yayata mai shekara 9 ya yi ciwon maƙogwaro, ya warke. Bayan kamar mako 2 fuskarsa ta kumbura, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi. Ba mu kula ba. Wata Laraba da dare ya ce kansa zai tsage, ya yi amai, ya ce ba ya ganin kowa, sai jijjiga. Innarmu ta rantse jifa ne. Kwana muka yi ana tofi da hayaƙi.

Da safe a asibiti aka auna shi, ashe jininsa ne ya hau sosai. Jama'a, wa ya taɓa kawo hawan jini ga yaro? Likita ta ce ciwon maƙogwaron nan ne ya taɓa ƙodarsa, ruwa ya taru a jiki, jinin ya hau har ya fi ƙarfin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta kumbura ta wajen ƙeya. Nan ne kuwa sashen gani yake, shi ya sa ya daina gani. Likitoci na kiran ciwon PRES, a 1996 aka fara bayyana shi a rubuce. Yakan kama masu sikila da yaran da ke shan maganin sankara. Ba farfaɗiya ba ce, domin in aka saukar da jinin da wuri, kumburin kan janye cikin kwanaki ko makonni. In aka yi jinkiri kuwa, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwar, har a rasa rai.

Ban ce a bar addu'a ba, amma a yi ta a hanyar asibiti. Mata da yawa daga littattafanmu suke ɗaukar abin da za su yi in irin wannan dare ya zo.

Yaron ya fara gani a kwana na 4, yanzu yana makaranta. Ni kuwa na koma babi na 7 na littafin da nake rubutawa, na cire bokan. Kishiyar sai dai in nemo mata wani laifin.