Taswirar Tsuntsaye a Intanet: Ina Arewa, Ina Hausa?

Wanda duk ke son sanin inda zai je ya kalli tsuntsaye a yau, ba sai ya nemi maharbi ya yi masa jagora ba. Wayar hannunsa ta ishe shi. Akwai rumbun bayanai na eBird, wanda sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya buɗe a 2002, inda masu kallon tsuntsaye daga ko'ina a duniya ke shigar da abin da suka gani da wurin da suka gan shi da ranar da suka gan shi. Mutum ya buɗe taswira, ya taɓa wuri, sai jerin tsuntsayen da aka taɓa gani a can ya fito, har da watannin da suka fi yawa. Manhajar Merlin, wadda ta fito a 2014, tana taimakawa wajen gane tsuntsu daga hotonsa, shi kuwa rumbun Xeno-canto kukan tsuntsaye yake tarawa. Duk kyauta ne.

To amma akwai abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Taswirar nan ba ta nuna inda tsuntsaye suke. Inda masu rubutawa suka taka take nunawa. Idan aka ga wani yanki fayau babu alama, ba tsuntsaye ne suka ƙaurace masa ba, mutanensa ne ba su rubuta ba. A nan ne nake ganin mu 'yan bokon Arewa muna da bashin da ba mu biya ba.

An tabbatar da nau'in tsuntsaye fiye da 900 a Nijeriya, kuma wasu daga cikin wurare mafiya daraja suna ƙofar gidanmu. Fadamun Haɗeja da Nguru su ne zangon farko ga tsuntsayen Turai da ke ƙetaro Sahara idan sanyi ya kama can, suna isowa da kaka, su yi mana hunturu, su juya wajen watan Maris. Tafkin Nguru da mashigar ruwan Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Dagona ta jihar Yobe da Baturiya ta jihar Jigawa suka biyo baya a 2008. A Jos kuma akwai dajin Amurum, mazaunin cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke haɗe da Jami'ar Jos. Baƙi suna biyan kuɗin jirgi don su ga waɗannan wurare, alhali da yawa daga cikinmu mun wuce ta Gashuwa ba mu taɓa jin sunan Dagona ba.

Na san wani zai ce wannan sha'anin ƙoshi ne, ana fama da tsadar abinci wa ke ta tsuntsu? Amsata ita ce, ruwan da kirinjijiya da ɗinya ke sauka a kansa shi ne ruwan da masunci da manomin shinkafa da makiyayi suka dogara da shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun nan ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, jan-baki ya sami mafaka a cikinta yana far wa gonaki. Ranar da za a zauna rabon ruwa tsakanin noman rani na sama da fadamun ƙasa, hujjar da ke rubuce ita ake saurara. Lissafin tsuntsaye na shekaru a jere shaida ne a kan lafiyar fadama, wurin da ba shi da irin wannan shaida kuwa ba shi da mai kare shi a teburin shawara.

Abu na biyu ya shafi fannina, wato harshe. Sunayen da ke tarar mai bincike a waɗannan rumbuna na Turanci ne da na Latin. Bahaushe kuwa yana da nasa ilmin tsuntsaye, kuma ba ƙarami ba ne. Ya san shamuwa tana zuwa da damina, shi ya sa manomi ke gyara fartanya idan ya gan ta a kan bishiyar gari. Masana sun tabbatar tana yin ƙwai a yankinmu da damina, ta tafi gabashi da kudancin Afirka da rani. Ya san carki da bayan saniya, ya san balbela da bin garke, ya san burtu har maharbi ya ari kansa ya yi dabarar farauta da shi. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan sunaye. Ku gwada tambayar ɗaliban jami'a su bambanta zalɓe da gauraka, ko hazbiya da kurciya, za ku ji yadda aji ke yin tsit. Kalma ba ta mutuwa rana ɗaya. Tana fara rasa abin da take nufi, daga baya ta rage a karin magana kawai. Ungulu ta kama wannan hanya: wadda muka saba gani a mahauta tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma yaran birni da yawa a baki kawai suka san ta.

Mene ne abin yi? Na farko, mu yi amfani da taswirar, sa'annan mu ƙara mata. Shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar Jos ta fara a ƙarshen 2015, ya yanka ƙasar zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita 9 kowane gefe, kuma duk mai waya zai iya ɗaukar murabba'in garinsu. Likita a Azare ko malami a Gumel, sa'a biyu da safiyar Asabar sun ishe shi. Na biyu, duk tsuntsun da aka shigar, a rubuta sunansa na Hausa a gurbin ƙarin bayani, yadda mutanen wurin ke faɗarsa, domin sunan Sakkwato ba lallai ya zama na Haɗeja ba. Na uku, sassan Hausa da na nazarin halittu a jami'o'inmu su haɗa kai su tura ɗalibai wajen masunta da maharba da na'urar ɗaukar murya, a daidaita kowane suna da tsuntsunsa tun masu sanin suna raye.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Taswira ba ta san halin tsaron hanya ba, don haka a tuntuɓi mutanen gari da ma'aikatan gandun daji kafin a kama hanya. Haka kuma kada a tallata sheƙar tsuntsun da ake farauta don sayarwa. eBird kansa yana ɓoye wuraren wasu nau'o'i saboda wannan dalili.

Intanet ya ba mu taswira, amma ba zai cike mana ita ba. Idan muka bar wa baƙi aikin, za su rubuta iya inda suka taka, da harshensu. Allah ya sa mu farga.