Gurguwar kazata da masu cewa in yanka

Yau kam raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye dalili ba. A kan kaza ce. Wanda zai yi dariya ya yi, na riga na saba, don a majalisarmu ta nan Sabo, Ibadan, sunana ya koma "likitan kaji".

Ga yadda abin ya faru. Innarmu ce ta aiko mana da kaza daga Funtuwa ta hannun wani direban babbar mota da ya saba kawo wa Baba saƙo. Aka ɗaure ƙafafunta da igiyar leda tamau, aka cusa ta tsakanin buhuna. Haka ta ratso Tegina da Mokwa da Jebba da Ilori, kwana biyu babu wanda ya sassauta ɗaurin. Da na kwance igiyar, ƙafar dama ta kumbura ta yi baƙi, yatsun sun lanƙwashe. Ba ta sake takawa da ita ba.

Baba ya duba ya ce, "Ɗauko wuƙa." Na ce, "Baba, ka ba ni sati biyu." Ya ce in dai ba za ta hana ni zuwa rumfar goro ba, ruwana. Yanzu wata bakwai ke nan tana nan.

To ku ji da kyau, ni ban ce yanka kaza laifi ba ne. Allah ya halatta, kuma sabo da kaza ba ya hana yanka. Da na ga ta daina ci, tana wahala dare da rana, da ni da kaina zan yi bismilla in huta da ita. Faɗana da wasu mutane ne iri biyu.

Na farko su ne masu ɗaurin. Je ka kowace kasuwar kaji ka gani. Kaji biyar a igiya ɗaya, an rataye su kai ƙasa a hannun babur, wasu a rana tun safe ba ko ɗigon ruwa. In ka yi magana a ce ai yanka su za a yi. To shi ke nan don za a yanka sai a fara azabtarwa? Mu ne fa muke karanta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Malam ya kawo su a wajen karatu mu ce Allahu Akbar, gari ya waye mu koma mu ɗaure ƙafar kaza har jini ya daina zuwa. Kwando nawa yake, jama'a? A gidanmu kwandunan goro har zubar da su muke yi.

Na biyu su ne masu cewa, "Mutane na yunwa kai kana jinyar kaza." Bari in lissafa muku abin da take ci mini. Na samo tsohon kwando na kife a lungun baranda inda feshin ruwa ba ya kaiwa, domin daminar Ibadan ba irin ta gida ba ce, tun wajen Afrilu ake yi har Oktoba, kuma kazar da ba ta iya tashi danshi ne ke fara kashe ta. Na shimfiɗa mata dusar katako da nake kwasowa wajen masu katako a Bodija, ina canzawa duk bayan kwana biyu. Da na ga gashin ƙirjinta ya fara zubewa saboda kwanciya, sai na ɗaura tsohon zane a cikin akwatin katako kamar lilo, na huda wajen ƙafafu da wajen kashi, take zama a ciki da rana ƙirjin ya huta. Ruwa a faifayin kasko mara zurfi, kada ta kife a ciki. Tsaki da dusa da dakakken ɓawon ƙwai. Da dare in ɗora akwatin a kan benci saboda gafiya da kwarkwasa, tunda ba ta iya hawa sama kamar sauran. Kuma ba na haɗa ta da kajin maƙwabta, don kaji in suka ga mai rauni sai sun caccake ta. Duka-duka minti 15 ne safe da yamma. Wane mai yunwa na hana abinci da wannan? Shi mai maganar, da ke zama wajen mai shayi har sha biyun dare, marayu nawa ya ciyar?

Abu ɗaya zan yarda da shi. In gurguntar ciwo ne ya kawo ta, ana ganin majina ko zawo ko wuya na murɗewa, wannan a ware ta nesa a nemo likitan dabbobi. Manyanmu ba su manta murar tsuntsaye ta 2006 ba. Tawa kuwa hannun mutum ne ya nakasa ta.

Abin da ke damuna shi ne mu 'yan kasuwa, nan a kudu ana ganin halinmu ne a kan abin da muke ɗaukowa daga gida. Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya da ta fara ƙorafin wari, yanzu ita ke ajiye mini ragowar shinkafa. Amma nawa 'yan uwan har yau tsiya suke yi mini.

Satin da ya wuce ta yi ƙwanta na farko. Na kira Inna na faɗa mata, na kuma roƙe ta in za ta sake aiko wata, a sa ta a kwando da ɗan ruwa, kada a ɗaure. Ku ma don Allah ku faɗa wa na gida haka.