Ra'ayinmu: A Ƙirga Mu A Inda Muke Zaune, Maza Da Mata

Tun watan Maris na 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a Nijeriya ba. Wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki a fara. Saboda haka ya kamata mu Hausawa mazauna Kudu maso Yamma mu sake duban alƙaluman 2006 tun kafin a sa wata rana, domin da safe ake kama fara.

A ƙidayar 1991 an sami mutum 88,992,220 a ƙasar nan, a 2006 kuma 140,431,790. Yawan jama'a yana cikin abubuwan da sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce a duba wajen rabon kuɗin tarayya, da shi kuma ake yanka mazaɓu. Ƙa'idar ƙidaya ita ce a rubuta mutum a inda aka same shi. Amma kowa ya san yadda da yawa daga cikinmu suka kwashi iyali suka tafi Arewa wai don a ƙirga su a gida. Wannan ya rage yawanmu a takarda a Sabon Ibadan, inda kakanninmu ke zaune tun 1916, haka ma a Agege da Idi-Araba da Shagamu. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, don haka yawan mutanen unguwa kaɗai ne hujjarmu idan mun je ƙaramar hukuma neman makaranta ko asibiti ko famfo.

Sai batun mata. A Jihar Oyo an ƙirga maza 2,802,432 da mata 2,778,462, kusan kunnen doki. A Legas maza 4,719,125 ne, mata 4,394,480, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a garin da 'yan ci-rani ke kwarara cikinsa. Amma a Kano, wadda samarinta ke fita neman kuɗi, maza sun zarce mata da kusan rabin miliyan. A ganinmu al'ada tana da hannu a ciki, al'adar da muka taho da ita nan Kudu. Maigida yakan tsaya a zaure ya ba malaman ƙidaya amsa a gurguje, yana nauyin ambaton matansa da 'yan matan gidansa, wasu ma suna ganin bai dace a ƙirga 'ya'ya ba. Macen da ba a rubuta ba kuwa, ba za a tuna da ita ba ranar da ake lissafin ɗakin haihuwa da allurar rigakafi.

Haka zalika batun karatu. Tambayar da aka yi a 2006 ita ce ko mutum yana iya karatu da rubutu, tare da fahimta, a kowane harshe. Mai rubuta Hausa da boko ko da ajami ya iya karatu. Kada wanda ke rubuta wasiƙa da lissafin cinikinsa da ajami ya ce "ban yi makaranta ba", a sa shi cikin jahilai. Sai dai kada mu yaudari kanmu, akwai mata masu yawa a unguwanninmu da ba su iya ko ɗaya ba, ga 'yan mata a kan titi da farantin talla, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta.

Don haka muna kira ga magidanta su bar iyalansu su shiga ajin yaƙi da jahilci, su kuma mayar da 'yan mata makaranta. Muna roƙon sarakunan Hausawa da limamai su nemi Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ɗauki 'ya'yanmu mata masu ilimi aiki, domin su shiga gidajen da maza ba sa shiga. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Idan ranar ƙidaya ta zo, kowa ya tsaya a gidan da yake kwana, a rubuta shi da iyalinsa gaba ɗaya.

Allah Ya sa mu dace, amin.